Ina kewar hadari, ina kuma tsoronsa: ni ce na canza ko damina ce?

"Assalamu alaikum, Malam. Ni haifaffiyar Tudun Wada ce a nan Kaduna, yanzu kuma ina aure a wajen Kigo Road. Tun ina yarinya babu abin da nake so kamar hadari. Da zarar gabas ta yi baƙi, iska ta fara tayar da ƙura, sai in ji wani farin ciki da ban san daga ina yake zuwa ba. Mu kwashe shanya, mu jera bokitai a ƙarƙashin indararo, a ɗauke wuta mu taru a ɗakin Inna muna jin ruwa yana dukan kwano. Har yau ina kewar wannan. Amma bara ruwa ya shigar mana gida ya ɓata mana kaya, iska kuma ta yaye rufin maƙwabtanmu cikin dare. Yanzu idan hadari ya haɗo, rabin zuciyata tana murna, rabi tana dukan uku-uku, har kunyar murnar nake ji saboda na san akwai waɗanda za su kwana a tsaye. Shin hadarin ne ya canza ko ni ce? Kuma laifi ne in ci gaba da son abin da yake cutar da mutane?"

Wa alaikumus salam, Hajiya. Idan na fahimce ki da kyau, tambayoyi biyu kika yi a fili, akwai kuma ta uku da take kwance a ƙarƙashinsu. Kina son sanin ko hadarin yau ya bambanta da na ƙuruciyarki, kina son sanin ko murnar da kike yi da shi ta zama rashin tausayi, sannan kina neman yadda za ki zauna lafiya da damina alhali gidanki yana wurin da ruwa yake iya shiga. Aikina hasashen yanayi ne da koyar da shi, saboda haka a kan ta farko da ta uku nake da bakin magana sosai. Ta biyu kuwa zan faɗi abin da nake gani ne a matsayin wanda shi ma yake jin abin da kike ji, domin yawancin waɗanda na sani a wannan sana'a son hadari ne ya fara jawo su cikinta.

Inda murnar take fitowa

Kafin a yi maganar zuciya, ya kamata a fara da abin da yake faruwa a sama, domin a nan ne za ki ga cewa abin da kike so da abin da kike tsoro tushensu ɗaya. Iskoki biyu ne suke rabon shekara a ƙasarmu: busasshiya mai ƙura da take zuwa daga Sahara ta arewa maso gabas, wadda take kawo mana hunturu, da kuma mai danshi da take tasowa daga Tekun Atlantika ta kudu maso yamma. Iyakar da ke tsakaninsu tana hawa arewa sannu a hankali, ta iske Kaduna a wajen watan Afrilu, ta wuce har cikin ƙasar Nijar a watan Agusta, sannan ta juyo ta bar mu a watan Oktoba. Wannan tafiya da dawowa ita ce daminarmu, wadda a shekara mai matsakaicin ruwa take ba garin Kaduna abin da ya kai milimita 1,200 ko kusa da haka, kudancin jihar kamar Kafancan da Kagoro kuma ya fi haka samu, Zariya ta ɗan gaza.

Mutane sukan yi mamakin cewa danshi daga kudu maso yamma yake zuwa amma hadari daga gabas yake tasowa. Dalilin shi ne, a can sama, kimanin kilomita 3 zuwa 4 daga ƙasa, akwai wata iska mai ƙarfi da take kaɗawa daga gabas zuwa yamma, ita ce take tura gajimaren. Tsaunukan Jos suna gabashinmu, nisan bai kai kilomita 200 ba a miƙe, kuma suna cikin wuraren da hadari ya fi haɗuwa a wannan yanki, saboda rana tana gasa tudun, iska mai danshi ta hau gangarensa ta yi sama. A wurin aiki, a hotunan tauraron ɗan'adam da suke shigowa kowane minti 15, sau da yawa nakan ga ƙaramin farin tabo ya ɓullo a kan Filato bayan azahar, kafin la'asar ya buɗe ya zama dogon layi, ya kamo hanyar yamma da gudun da yakan kai kilomita 50 a awa ɗaya. Lissafin ba shi da wuya: awa uku zuwa huɗu ya iso mu. Shi ya sa hadarin Kaduna ya fi son magariba da farkon dare.

Gajimaren irin wannan hadari yakan yi tsawon kilomita 15 ko fiye. Idan ruwa ya fara zubowa daga cikinsa, sai ya ratsa busasshiyar iskar da ke tsakiyar sama, wani sashensa ya koma tururi, iskar ta yi sanyi ta yi nauyi, ta rikito ƙasa da ƙarfi ta bazu a gaban hadarin. Wannan ita ce iskar nan mai sanyi da ƙura da take riga ruwa isowa, wadda take sa a ruga a kwashe shanya. Bayan mutum ya sha zafin Maris da Afrilu, lokacin da ma'auni yake haura digiri 35 kusan kullum, daren ma ba a samun barci, sai cikin 'yan mintuna ya ji sanyi ya ratsa shi. Jiki ba ya buƙatar a koya masa murna da wannan. To amma ita dai wannan iskar, idan ta ƙara ƙarfi, ita ce take yaye kwano, ta karya turakun lantarki, ta tumɓuke dogonyaro. Ta fi tsanani a farkon damina da ƙarshenta, lokacin da tsakiyar sama take a bushe, shi ya sa labaran yayewar rufi suka fi yawa a Afrilu da Mayu, sai kuma ƙarshen Satumba zuwa Oktoba. A cikin marka kuwa iskar takan lafa, matsalar ta koma ta ruwa.

Ƙamshin ƙasa da ake ji a ruwan farko shi ma yana da bayani. Akwai wasu ƙananan halittu a cikin turɓaya da suke samar da wani sinadari mai suna jiyosmin, ɗigon ruwa ya faɗa kan busasshiyar ƙasa ya watsa shi cikin iska, hancin ɗan'adam kuma yana iya jin sa ko da ɗan mitsitsi ne ƙwarai. Hanyar da saƙon ƙamshi yake bi a ƙwaƙwalwa tana manne da sassan da ke riƙe tunawa da motsin rai, fiye da hanyar gani ko ta ji. Don haka idan wannan ƙamshi ya buge ki kika ji kamar an ɗauke ki an mayar tsakar gidanku a Tudun Wada, ba sakarci ba ne, haka aka gina mu.

Akwai kuma abin da nake ganin shi ne zuciyar maganar, ko da yake ba daga na'ura na samo shi ba. Ki sake duba abin da kika ce kina kewa: ɗakin Inna, 'yan'uwa a tare, ruwa yana dukan kwano ku kuma kuna ciki. Hadarin da kika sani kina yarinya hadari ne da wani yake ɗauke miki nauyinsa. A daren da kuke jin daɗin ƙarar ruwa, akwai yiwuwar mahaifinku yana zagaye da tocila yana duba gindin katanga, Inna kuma tana tara kwano a inda ɗaki yake yoyo tana lissafin kuɗin yaɓe. Yaro yana ganin walƙiya, babba yana ganin rufi. Yau ke ce a matsayin Inna, kuma wannan canjin ya fi duk wanda zan ambata a ƙasa girma. Masu nazarin halayyar ɗan'adam sun daɗe da lura cewa ɗacin abin da ya wuce ya fi daɗinsa saurin gushewa daga zuciya, saboda haka daren da katifa ta jiƙe kuka kwana a zaune ya dusashe, na hira ya zauna daram. Sannan kada a manta cewa waɗanda suka rene mu sun ga farin 1973 da na 1984, sun ga an fita roƙon ruwa, sun ga shanu suna faɗuwa. Murnar da suke yi idan gabas ta yi baƙi murnar wanda ya san yunwa ce, mu kuma muka tashi muka gaje ta.

Shin hadarin ya canza?

Ya canza, amma garin ya fi shi canzawa. Ta ɓangaren sama, ƙa'ida ce tabbatacciya a kimiyyar yanayi cewa duk ƙarin digiri ɗaya na ɗumi yana ba iska damar ɗaukar ƙarin tururi da kusan kashi 7 cikin 100, abin da aka ɗauka kuma dole a sauke shi. A shekarar 2017 mujallar Nature ta buga wani bincike da Christopher Taylor na Ingila ya jagoranta, wanda ya bi hotunan tauraron ɗan'adam tun daga 1982, ya gano cewa yawan hadari mafi tsanani a yankin Sahel ya ninka sau uku a tsawon wannan lokaci, suka kuma danganta hakan da yadda Sahara take ƙara zafi. Kaduna tana kudu da ainihin Sahel, don haka ba daidai ba ne a ɗauki wannan adadi a ɗora wa garinmu kai tsaye, amma irin hadarin ɗaya ne, hanyar haɗuwarsa ma ɗaya ce. Abin da nake gaya wa ɗalibaina shi ne kada jimillar ruwan shekara ta ruɗe su. Shekaru biyu suna iya samun ruwa daidai wa daida, amma a ɗaya ya sauka a hankali cikin kwanaki masu yawa ƙasa ta shanye, a ɗayar ya zubo cikin 'yan darare ya tafi da gidaje.

Ta ɓangaren ƙasa kuwa ba a buƙatar tauraron ɗan'adam, ido ya isa. Kaduna da Turawan mulkin mallaka suka mayar hedikwatar Arewa a 1917 a bakin kogi aka kafa ta, yau kuma mutanenta sun haura miliyan ɗaya nesa ba kusa ba. Fadamun da a da suke karɓar ruwa idan kogi ya cika, inda ake noman rake da kayan lambu, da yawansu sun zama unguwanni. Tsakar gidan da take turɓaya an yi mata daɓen siminti, filin da yake shan ruwa an shimfiɗa masa kwalta, saboda haka ruwan da a da zai nutse yanzu gudu yake yi, ya tarar da kwalbati cike da leda da robobi, ya nemi hanya ta cikin ɗakunan mutane. Itatuwan da suke karya ƙarfin iska an sare da yawa. Salon rufi ma ya canza: dogon rufi mai tsini da faffaɗan baki yana da kyau a ido, amma idan ba a ɗaure shi da ginin ba, wuri ne babba da iska za ta kama. Kogin Kaduna kuma daga tsaunukan Jos yake tasowa, don haka yana iya cika ya tumbatsa saboda ruwan da aka yi a can, mu nan ko yayyafi ba mu gani ba. Wanda ya ga ambaliyar 2003 a wannan gari, ko ta 2012 da ta kashe mutum 363 a faɗin Nijeriya ta raba sama da miliyan 2 da muhallansu, ko ta 2022 da ta ci rayuka sama da 600, ya san cewa unguwanni irin su Kigo Road da Bashama Road da Rafin Guza da sassan Kabala da Nasarawa su ne sunayen da suke dawowa a labarai. Tsoronki, Hajiya, ba na banza ba ne.

Maganar laifi

Ni ba malamin addini ba ne, kuma fatawa ba tawa ba ce, amma akwai abin da kowane ɗan makarantar allo zai iya tunawa. A aya ta 12 ta Suratur Ra'ad, surar da sunanta ma tsawa ne, Allah Ya ce Shi ne yake nuna mana walƙiya don tsoro da kuma tsammani, an kuma maimaita wannan a aya ta 24 ta Suratur Rum. Abubuwa biyun da kike jin kunyar haɗawa, a haɗe aka ambace su. Nana A'isha, Allah Ya yarda da ita, ta ruwaito cewa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, idan ya ga hadari ko iska sai a ga alamar damuwa a fuskarsa, ya riƙa shiga yana fita, idan ruwa ya sauka sai damuwar ta yaye. Anas ɗan Malik kuma ya ruwaito cewa ya taɓa yaye wani sashe na tufafinsa don ruwan sama ya taɓa jikinsa. Da aka yi mako guda ana ruwa a Madina har wani mutum ya kawo kukan ɓarnar da ake yi, addu'ar da ya yi ita ce a saukar da shi a kewayensu ba a kansu ba, a kan tuddai da kwaruruka da wuraren tsirowar itatuwa. Bai roƙi a ɗauke ruwan gaba ɗaya ba.

A ganina murnarki ba ta ƙara ko ɗigo ɗaya a ruwan da ya shiga gidan wani, kuma da za ki kashe ta babu rufin da zai koma wurinsa. Inda abin yake zama rashin kyautawa shi ne a harshe, kamar wanda zai hau Facebook da safe yana yabon ruwan jiya da daɗin barci, alhali a layin bayansa ana tsamo katifu. Wannan kam a kiyaye. Kuma wadda ta san daɗin hadari ta san ɗacinsa, kamar ke, ita ta fi cancanta ta fara leƙa maƙwabta idan gari ya waye.

Raba tsoron gida uku

Abin da ya fi taimaka wa mutanen da nake yi wa bayani shi ne su daina tsoron hadari a dunƙule. Haɗurran uku ne, iska da tsawa da ambaliya, kowanne da lokacinsa da maganinsa, kuma tsoron da aka san iyakarsa ya fi sauƙin ɗauka.

Maganin iska a lokacin rani ake yin sa. A kira kafinta ya hau ya duba ko katakon rufi yana ɗaure da linta da rodi ko langalanga, domin rufin da ƙusa kaɗai ta riƙe shi a kan bulo shi ne yake tashi ɗungurungum. A sauya katakon da gara ta ci, a ƙara ƙusa a gefuna da kusurwoyi inda iska take fara ɗagawa, a sassabe reshen da ya rufa kan ɗaki. Idan iska ta taso a rufe ƙofofi da tagogi, musamman na ɓangaren da take bugowa, domin idan ta shiga ɗaki tana tura rufin daga ciki yayin da ta waje take jan sa sama. Katangar ƙasa da gindinta ya jiƙe kuwa kada a bar kowa ya kwana a jikinta.

Tsawa ita ce aka fi yi wa camfi. Walƙiya tana ɗumama iskar da ta ratsa zuwa kusan digiri 30,000, iskar ta buɗe farat ɗaya, wannan fashewar ce muke ji a matsayin tsawa. Haske yana isowa nan take, sauti kuma yana cin kilomita ɗaya a kusan daƙiƙa 3, don haka idan kika ga walƙiya kika ƙirga ba ki kai 30 ba kika ji ƙara, hadarin yana cikin kilomita 10 kuma yana iya kai wa gare ki. A shiga ginannen ɗaki ko mota mai rufin ƙarfe, a zauna har minti 30 bayan cida ta ƙarshe. Gindin bishiya da rumfar kasuwa da bukkar gona ba mafaka ba ne, kuma shanun da ake samu a mace a gindin itace wutar da ta bazu ta cikin ƙasa ce take kashe su. Jan kaya da madubi ba sa kiran tsawa, wayar hannu ma haka, sai dai idan tana jone da caji wutar tsawa tana iya biyowa ta wayar lantarki. A cire kayan lantarki daga soket, a dakata da wanka da famfo. Abin da na fi so ki riƙe ki kuma yaɗa shi ne, wanda tsawa ta faɗa wa ba ya riƙe wuta a jikinsa. Ana iya taɓa shi nan take ba tare da jiran a kawo nono ko wani abu ba, kuma kusan tara cikin goma suna rayuwa. Idan numfashinsa ya tsaya, danna ƙirji da gaggawar kai shi asibiti su ne suke ceto.

Ambaliya ce ta fi shafar ki, kuma lokacinta Agusta da Satumba ne, sa'ad da ƙasa ta ƙoshi kogi kuma ya cika. Hukumar hasashen yanayi ta Nijeriya, wato NiMet, tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, hukumar da ke sa ido kan ruwan koguna, wato NIHSA, kuma tana fitar da jerin ƙananan hukumomin da ake fargabar ambaliya a cikinsu, gidajen rediyo suna karanta su da Hausa. A saurara, amma a san iyakarsu. Ni da nake wannan aiki ina iya gaya miki da rana cewa akwai hadari mai ƙarfi da zai ratsa Kaduna da dare, amma ba ni da ikon cewa zai sauke nauyinsa a Kawo ne ko a Barnawa, domin ana iya yin ruwa kamar da bakin ƙwarya a Rigasa a bar Malali a bushe. Saboda haka idonki a kan kogi da magudanar layinku ya fi kowace sanarwa sauri. Ki sa alama a wani dutse ko turke da kike iya gani, ku yi yarjejeniya da maigida cewa idan ruwa ya kai nan za a fita, ba sai an tsaya shawara cikin duhu ba. Takardun gida da na makaranta da magunguna su zauna cikin leda a wuri mai tsayi, a kuma san gidan da za a nufa tun kafin ranar. Idan ruwa ya fara shigowa a kashe wutar gidan daga babban makunni. Kada a ratsa ruwa mai gudu: wanda ya kai santimita 15, wato ɗan sama da idon sawu, yana iya kayar da babban mutum, santimita 30 kuma yana iya ɗaga ƙaramar mota. Bayan ya janye, rijiyar da ya shiga ba ta shayuwa sai an yashe ta an sa mata magani, a kuma tafasa ruwan sha, domin kwalara takan biyo bayan ambaliya.

Ko ku ci gaba da zama a gidan ko ku tashi, wannan ba abin da zan yanke daga nesa ba ne, tunda ban ga filin ba, kuma na san tashi ba ƙaramin kuɗi ba ne. Amma ga yadda zan auna da ni ne. Ki tambayi dattawan layin inda ruwan 2003 da na 2012 suka tsaya, ki kuma gano ko ruwan bara daga kwalbatin da ya toshe ya zo ko daga kogi. Idan daga kwalbati ne, gayyar yasa kafin damina da ɗaga dokin ƙofa suna iya wadatarwa. Idan kogi ne da kansa ya zo, zai sake zuwa, kuma in haya kuke yi gara a fara neman wani wuri tun kafin Agusta. Idan kuma kika ga bayan an yi duk wannan har yanzu ba kya iya barci da zarar kin ji cida, ko wani cikin yaran yana firgita yana kuka tun daga daren bara, to abin ya wuce fannina, a je asibiti a yi wa likita bayani dalla-dalla, domin firgicin da ke biyo bayan irin wannan dare abu ne da aka sani kuma ana maganinsa.